Darussa Daga Bin Sawun Jijiyoyi a Seribelum da Kututturen Ƙwaƙwalwa

Seribelum, ƙaramar ƙwaƙwalwar nan da ke ƙeya, nauyinta wajen kashi 10 cikin 100 ne na ƙwaƙwalwar mutum, amma ita ke riƙe da kusan kashi 80 na ƙwayoyin jijiya, kimanin biliyan 69 daga cikin 86. Duk saƙon da zai shige ta ko ya fito, sai ya ratsa kututturen ƙwaƙwalwa. Shi kuwa kututturen matsattsen wuri ne: curin ƙwayoyi, wato tarin ƙwayoyin jijiya a wuri guda, na zaune jiki da jiki da zaruruwan da wucewa kawai suke yi zuwa wani waje. Yawancin kurakuran wannan fanni daga nan suke tasowa.

Masanan farko kan lalata wani ɗan wuri a ƙwaƙwalwar dabba, su jira zaruruwan su rube, sannan su bi rubewar da rini. Matsalar ita ce wuƙa ba ta bambance ƙwayar da ke zaune a wurin da zaren da ya ratso. Masanin jijiyoyi Cajal ya zana zaruruwa masu hawa, waɗanda ke nannaɗe manyan ƙwayoyin seribelum da ake kira Furkinje, tun ƙarshen ƙarni na 19, amma an shafe shekaru da dama ana gardamar inda suka fito. A 1959 Szentágothai da Rajkovits suka nuna cewa daga olib ta ƙasa suke, wani curi a ƙasan kututturen, a 1974 kuma Desclin ya tabbatar da haka da wata guba mai kashe ƙwayoyin olib ba tare da ta yanke zaren kowa ba. A ganina duk mai shiga wannan aiki ya kamata ya fara da wannan tarihi.

Rinin bin sawu, wanda ƙwayoyi ke sha ya bi zaruruwansu, ya rage matsalar, bai kawar da ita ba. An fara da HRP a farkon shekarun 1970, PHA-L ya zo a 1984, BDA ya biyo baya. Ana zuba rinin a siririn bututun gilashi mai baki maikuron 10 zuwa 20 (maikuron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), a tura shi da wutar lantarki ta maikuro'amfa 5, daƙiƙa 7 a kunne, 7 a kashe, na minti 10 zuwa 15. Kashewar na hana zafi ya ƙona naman, ta kuma hana bakin toshewa. In an gama, a bar bututun na wasu mintoci kafin a zare a hankali, in ba haka ba rini zai bi hanyar da ya shigo, ya rina ƙwayoyin da ba su ake nema ba. Zaren da bututu ya ji wa rauni yakan sha BDA. Wani lokaci ma rinin kan koma baya zuwa jikin wata ƙwaya mai nisa, ya sake fita ta wani reshenta, sai a ga haɗin da babu shi. Maganinsa a sake gwajin daga ɗaya ɓangaren: a sa rini mai komawa baya, irin su Fluoro-Gold, a inda zaruruwan suka ƙare, a gani ko ƙwayoyin da ake zato ne za su ɗauka.

Taswirar ƙwaƙwalwar ɓera ta Paxinos da Watson ta 1982, wadda ake auna wurin sa bututu da ita, an gina ta ne kan namijin ɓeran Wistar mai nauyin giram 290, da ƙoƙon kai a miƙe, wato biregma da lamda, mahaɗun ƙasusuwan ƙoƙon kai na gaba da na baya, a tsayi ɗaya. Ɗan karkacen da ba ya cutar da mai aiki a gaban ƙwaƙwalwa na iya kauce wa curi gaba ɗaya a baya. Don haka aunawa daga layin kunnuwa ya fi aminci a nan. Akwai kuma babbar jijiyar jini a kwance kusa da lamda, in an huda ta jini ba ya saurin tsayawa. Masu neman medula, ƙarshen kututturen daga ƙasa, kan sunkuyar da kan dabbar su shiga ta ƙeya, su auna da ido daga obeks, wata 'yar alama a bayan medula, suna lura da numfashi, domin cibiyarsa na nan kusa.

Rabin sakamako a wankin jini yake, wato fitar da jinin dabbar kafin a ciro ƙwaƙwalwa. Bayan banju mai nauyi, a tura ruwan gishiri ta zuciya har hanta ta yi fari, sannan farafomaldihaid, maganin da ke taurara nama, kashi 4 a ma'aunin pH 7.4. Ruwa na fita ta hanci, to matsi ya yi yawa ko allura ta kauce. Jajayen ƙwayoyin jinin da suka saura kan yi baƙi da DAB, sinadarin da ke fito da rinin fili, su rikita mai dubawa. Danna ƙwaƙwalwa kafin ta gama yin tauri da maganin kuma na haifar da ƙwayoyi baƙaƙe masu motsewa, waɗanda sau da yawa ake ɗauka cuta ce. Daga nan sai a sa ƙwaƙwalwar a ruwan sukari kashi 30 har ta nutse. Wanda ya yi gaggawar daskararwa, ƙanƙara za ta huhhuda masa naman.

Fuskar yanka ita ma tambaya ce. Rassan ƙwayar Furkinje a baje suke kamar mafici: in aka yanka daga gaba zuwa baya a ga faɗinsu duka, in aka gitta sai siririn layi. Jan Voogd, a aikinsa na 1964 a Leiden kan kyanwa, ya lura cewa farin naman seribelum a rabe yake gida-gida, kowane gida da nasa zirin ƙwayoyin Furkinje. Zebirin II, wani furotin da ke cikin wasu ƙwayoyin Furkinje, wanda aka gane daga baya cewa sinadarin aldoles C ne, ya fito da zirare irin waɗannan ƙarara. Mai yanka a layi ɗaya da su ba zai gan su ba.

Ganyayen seribelum, wato ninke-ninkenta, kan rabu da juna a cikin ruwa, shi ya sa ake binne ta a jelatin kafin a yanka a kaurin maikuron 40. A jera yanka bi-da-bi, a ware jeri guda don rinin Nissl, wanda zai nuna iyakar curin da allura ta taɓa. Kafin wuƙa ta fara aiki, a tsaga alama a gefe ɗaya na jelatin. Zaruruwan olib na tsallakawa zuwa ɗaya gefen, haka ma yawancin masu fita ta ƙafar seribelum ta sama, damin zaruruwan da ke haɗa ta da kututturen, kuma yanka ɗaya da ya kife a ruwa ya isa ya mai da hagu dama.