Ranar da kuɗin tallafin manoma suka shigo

Talata. Sanyin Oktoba ya fara ratsa jiki a nan jihar Iowa ta Amurka, masara ta bushe ƙayau a gona, injinan girbi suna aiki har tsakar dare. Da safe na raka dattijon da nake koyon aiki a gonarsa zuwa ofishin noma na gunduma, wanda ke ƙarƙashin Ma'aikatar Noma ta Amurka. A wannan watan ake sakin kuɗin tallafi, kuma na amfanin bara ne ake biya bana, domin sai an kammala lissafin farashin shekara sukutum.

Ba layi, ba turereniya. Ma'aikaciya ta nuna masa taswirar gonakinsa a kwamfuta, ya sa hannu a takarda, muka fito. Kuɗin ma tuni sun faɗa asusunsa na banki.

A mota ya warware mini yadda abin yake. Tun dokar noma ta 2014 manomi yana zaɓar ɗaya cikin tsari biyu. Na farko yana biya idan farashi ya faɗi ƙasa da wanda gwamnati ta tsayar. A 2014 ɗin, dokar ta sa dala 3.70 a kan mudunsu na masara, mai nauyin kusan kilo 25. Na biyu yana duba abin da gundumar gaba ɗaya ta samu, idan ya gaza na shekarun baya sai a cike wani ɓangare na giɓin. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, da tarihin gona ake lissafi, wato yawan ekar da aka saba shuka masara ko waken suya tun da can. Mai faɗin ƙasa shi ke kwasar kaso mai tsoka.

Wajen cin abincin rana muka haɗu da wani matashi mai noman haya. Fiye da rabin gonakin Iowa a hannun 'yan haya suke. Ya ce tallafin yana shiga asusunsa, amma mai gonar ya san lissafin sarai, idan lokacin sabunta yarjejeniya ya yi sai ya ɗora a kuɗin haya. Matarsa kuwa tana noman tumatir da kabewa tana kaiwa kasuwar Asabar, ko sisi ba ta samu daga tsarin nan biyu, don kayan lambu ba sa ciki. Wannan ya dame ni ƙwarai. Su ne ke ta fafutukar kafuwa, su ne kuma tallafin ke wucewa ta kansu. Dattijon bai musa ba. Ya ce shi ma ba don kuɗin da gwamnati ta raba a 2018 da 2019 ba, lokacin da Sin ta ƙaƙaba wa waken suyar Amurka haraji, da ya sayar da wani yanki na gonarsa.

Bayan Azahar na kira Baba, can gida dare ya yi. Na ba shi labari, ya tuna mini da shekarar 2012, lokacin da ake turo saƙo ta waya mutum ya je ya karɓi buhu biyu na taki a rabin farashi.

"To su ƙananan manoman can, wa ke tsaya musu?" ya tambaya.

Na ce, "Baba, akwai rancen da aka ware wa masu fara noma, amma kuɗin ƙasa ya fi ƙarfinsu."

Gobe da sassafe za mu koma gonar arewa, saura eka kusan tamanin na masara, kuma an ce ana sa ran ruwa ranar Alhamis.