Saƙon da ya zo da safiyar Laraba da sunan Microsoft

Ni ne mai kula da kwamfutoci a wani ƙaramin kamfanin sayar da kayan gini, kuma ba don na yi zurfin karatu a fannin aka ɗora mini aikin ba, sai don ni ake kira duk lokacin da firinta ta ƙi aiki, har abin ya zama nawa ba tare da an taɓa rubuta shi a takarda ba. Kwamfutoci tara gare mu, dukkansu Windows ne a kansu, kuma a ɗaya daga cikinsu ne lissafin kamfanin gaba ɗaya yake zaune: bashin da muke bin 'yan kwangila, da wanda ake bin mu, da albashin ma'aikata.

Wata safiyar Laraba, ban ko ajiye jakata ba, Hajiya akanta ta leƙo ta ce, "Malam, zo ka duba mini wannan kafin na taɓa, sun ce awa 24 suka ba mu." Saƙon imel ne mai ɗauke da tambarin Microsoft, an tsara shi tsaf, Turancinsa babu tuntuɓe ko ɗaya. Yana cewa an gano wata ɓaraka mai hatsari a Windows wadda masu kutse suka riga suka fara amfani da ita, ya kawo lambar sabuntawar da ke farawa da KB, ya kawo lambar ɓarakar da ke farawa da CVE, sannan ya ce a buɗe fayil ɗin da aka maƙala a girka shi nan take. A ƙasa akwai maɓalli shuɗi ga wanda ya fi son saukewa daga shafinsu.

Gaskiyar magana ita ce zuciyata ta karkata ga yarda da shi, kuma dalilai biyu ne suka jawo haka. Na farko, ranar ta dace. Tun watan Oktoba na 2003 Microsoft ke fitar da gyare-gyaren tsaro a Talata ta biyu ta kowane wata, ranar da masu sana'ar ke yi wa laƙabi da Talatar faci, kuma da yake ƙarfe 10 na safe agogon gaɓar yammacin Amurka suke saki, wato wajen magariba a nan, mu sai safiyar Laraba muke wayar gari da labarin. Wannan Larabar kuwa ita ce ta bayan Talata ta biyu. Dalili na biyu ya fi nauyi, domin ni na san laifina: watanni uku ke nan da na dakatar da sabuntawa a kwamfutocin ofis saboda yadda take cinye mana data, Alhaji mai kamfanin kuma ya sha yi mini ƙorafi a kan kuɗin. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin "as", saboda haka da saƙon ya ce muna cikin hatsari, abin da na riga na sani ya faɗa mini. Ban manta da ƙwayar cutar kwamfutar nan WannaCry ba, wadda ta ɓarke ranar 12 ga Mayun 2017 ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kimanin 150, har da na asibitocin gwamnati a Ingila, alhali Microsoft ya fitar da maganinta tun 14 ga Maris. Waɗanda ta kama, jinkiri irin nawa ne ya kai su.

Abin da ya riƙe hannuna ƙaramin abu ne. Fayil ɗin a ƙunshe yake cikin zip, wato jakar da ake matse fayiloli a ciki, mai kalmar sirri, kuma kalmar sirrin tana rubuce a cikin saƙon kansa. Na tsaya ina tunanin amfanin kulle ƙofa a rataye makulli a jikinta. Amfanin ɗaya ne: mutum yana iya karanta kalmar ya buɗe, amma na'urar da ke tace imel tana neman ƙwayar cuta ba ta iya leƙa abin da ke ciki. Sai na ce wa Hajiya ta ɗan ba ni kujerar, na zauna na fara bin saƙon daki-daki.

Na fara da mai aikowa. Sunan da ke fitowa a sama, kowa na iya rubuta abin da ya ga dama a wurin, kamar yadda mutum zai rubuta sunan wani a bayan ambulan, don haka na latsa don ganin cikakken adireshin. Kalmar microsoft tana ciki, amma da ƙaramin layi a gabanta da wasu kalmomi biyu na Turanci masu nufin tsaro da sanarwa. Wannan ba gidan Microsoft ba ne, gida ne da wani ya yi wa rajista ya sa masa suna mai kama. Daga nan na ɗora linzamin kwamfuta a kan shuɗin maɓallin ba tare da na latsa ba, adireshin da zai kai ni ya bayyana a ƙasan fuskar kwamfutar. A farkonsa an rubuta microsoft.com ɓaro-ɓaro, amma bayansa sai ɗigo, sai wani dogon suna, sannan karkataccen layi na farko. Shi adireshin intanet daga dama ake gane mai shi: sunan da ke daf da karkataccen layin farko shi ne ainihin gidan, duk abin da ke hagunsa kuwa ɗakuna ne da mai gidan ke raɗa wa sunan da ya so. Wanda ya karanta daga hagu ya tsaya da ya ga sunan da ya sani, an gama da shi.

A nan ne na yi kuskuren da ya fi koya mini darasi. Ofishinmu da Gmail yake aiki, kuma Gmail yana da wurin da ake buɗe asalin saƙo a ga hanyar da ya biyo, tare da sakamakon gwaje-gwaje uku da ake kira SPF da DKIM da DMARC. Na buɗe ina sa ran ganin ja ko'ina, sai na tarar duka ukun sun ce saƙon ya ci jarrabawa. Na yi kusan minti biyar ina kallon allon, har na fara tunanin ko Microsoft ɗin ne ya buɗe sabon adireshi ban sani ba. Sai da na sake karantawa a nitse na lura da sunan da ke gefen kowane sakamako: sunan gidan bogin ne. Waɗannan gwaje-gwaje ba sa shaidar cewa mai aikowa mutumin kirki ne, iyakarsu su tabbatar da cewa saƙon ya fito daga gidan da ya ce ya fito. Ɗan damfarar da ya yi wa gidansa rajista ya tsara takardunsa daidai zai ci su duka, kamar ɓarawon da ya nuna maka katin shaidarsa na gaskiya. Inda suke da amfani shi ne lokacin da saƙo ya ce daga microsoft.com yake kai tsaye amma ya faɗi gwajin; wannan hujja ce mai ƙarfi. Cin gwajin shi kaɗai ba hujjar komai ba ce.

Lambobin da ke cikin saƙon su ma sun so su ruɗe ni. Na buɗe sabon shafi a burauza, na rubuta adireshin Microsoft Update Catalog, kundin sabuntawar Microsoft, da hannuna, na saka lambar KB ɗin, sai ga ta ta fito: sabuntawa ce ta gaskiya, ta watan da muke ciki, an sake ta a daren jiya. Ashe masu saƙon kwafo ta suka yi daga sanarwar ainihi, abin da ba ya ɗaukar minti ɗaya. Wasu ma ba sa wahalar da kansu da haka. A watan Disambar 2023 an yi ta aika wa masu shafukan intanet da aka gina da manhajar WordPress saƙon da ke cewa an gano ɓaraka mai lamba CVE-2023-45124, a sauke wani gyara, alhali babu ɓarakar, lambar ƙirƙira ce, kuma gyaran shi ne ke buɗe wa ɓarayin ƙofar baya. To amma duba kundin bai tashi a banza ba, domin a can na ga girman sabuntawar ta gaskiya, megabait ɗari-ɗari har da ɗoriya. Fayil ɗin da aka aiko wa Hajiya bai kai megabait ɗaya ba. Ko da Microsoft ya so ya aiko da ta gaskiyar ta imel ba za ta shiga ba, tunda Gmail kansa ba ya barin a maƙala abin da ya wuce megabait 25.

Microsoft kuwa ya daɗe yana faɗa cewa ba ya aika sabuntawa a maƙale da imel. Yana da sanarwar tsaro da yake aika wa wanda ya yi rajista da kansa, kuma ita ma bayani ne kawai, babu abin girkawa a ciki. Hajiya ba ta taɓa yin wannan rajista ba, ba ta ma san da ita ba. Dabarar tsohuwa ce ƙwarai: a watan Satumbar 2003 wata ƙwayar cuta mai suna Swen ta bazu a duniya sanye da wannan riga, saƙo mai tambarin Microsoft da fayil a maƙale wai facin tsaro ne. Fiye da shekara ashirin ke nan, rigar ba ta tsufa ba, guga kawai ake sake yi mata.

Son sani ya sa na kwafe fayil ɗin a filash na kai shi wata tsohuwar laftof da ba ta haɗe da intanet kuma babu komai a cikinta. Da na warware zip ɗin sai ga fayil mai hoton takardar PDF, amma da na umarci Windows ya nuna ƙarshen sunayen fayiloli, wanda yake ɓoyewa idan ba a ce ya nuna ba, sai ga exe a wutsiyarsa, alamar manhajar da ake kunnawa ba takarda ba. Na duba bayanansa, babu sa hannun dijital ko na wa, alhali abin da ya fito daga Microsoft da sa hannunsa yake zuwa. Ban kunna shi ba, kuma ban ba kowa shawarar ya yi abin da na yi ba, domin tun kafin na kai nan hukunci ya riga ya fito. Na koma kwamfutar Hajiya, na kai rahoton saƙon a matsayin damfara, sannan na shiga Windows Update ta cikin saitin kwamfutar kanta, inda na tarar da sabuntawar nan mai lambar KB ɗin tana jira, ita da 'yan uwanta na watanni uku.

Da labarin ya ƙare a nan, da na fita ina jin kaina gwani. Bayan kamar wata biyu wani saƙon ya shigo, wannan karon da sunan kamfanin da ya sayar mana da manhajar lissafi. Duk alamun da na koya suna jikinsa: Turanci a karye, babu gaisuwa da sunan kowa, adireshin mai aikowa na wani kamfanin tura saƙonni ne daban, mahaɗin da ake latsawa kuma an gajarta shi yadda ba a ganin inda ya nufa. Yana cewa a gaggauta sabunta manhajar saboda wata matsalar tsaro. Na goge shi ina murmushi, har na kira Hajiya na nuna mata a matsayin misali. Mako biyu bayan haka, wani dalili daban ya sa na kira kamfanin ta lambar da ke jikin takardar yarjejeniyarmu, sai ma'aikacinsu ya tambaye ni, "Yallaɓai, kun sabunta kuwa? Mun aiko muku da saƙo." Saƙon nasu ne. Matsalar ta gaske ce, gyaran kuma yana nan cikin manhajar, a wurin da ake latsawa a nemi sabon zubi, mako biyu yana jirana.

Wannan ya fi na farkon ƙona mini rai, domin ya nuna mini cewa tambayar da nake yi tun farko ba ita ce ta dace ba. Ina ta ƙoƙarin yanke wa saƙo hukunci daga kamanninsa, alhali na bogin ya zo da shiga ta alfarma, na gaskiyar kuma ya zo a yamutse. Saƙo ba ya iya zama shaidar kansa, tunda tambarin da lambar wayar da mahaɗin da ke cikinsa duk mai aikowa ne ya zuba su. Yanzu idan irin wannan ya zo, ina ɗaukarsa a matsayin jita-jitar da ta cancanci a bincika: ba na latsa komai a cikinsa, ba na kuma goge shi na manta da shi. Ina rufe shi, na bi hanyar da na sani tun kafin zuwansa, ko saitin kwamfutar, ko cikin manhajar kanta, ko adireshin da na rubuta da hannuna, ko lambar wayar da ke takardar da muka sa wa hannu. Idan sabuntawar tana can sai na girka daga can, kuma a lokacin bai dame ni ba ko saƙon na gaskiya ne ko na ƙarya.

Maganar data kuwa sai da na shiga ofishin Alhaji na zauna. Na ce, "Ranka ya daɗe, kuɗin da muke tsimi bai kai darajar littafin bashin da ke kwamfutar Hajiya ba." Ya tambayi nawa ne, na faɗa masa, ya ɗan yi shiru sannan ya ce a ƙara, amma kada ya ji an kalli ƙwallo da ita. Na kunna tsarin da ke cikin Windows wanda ke barin kwamfutocin ofis ɗaya su raba abin da ɗayarsu ta sauke, don kada kowace ta jawo nata daban. A kalandar da ke bangon ofis na zagaye Larabar da ke bin Talata ta biyu a kowane wata da jan biro, kuma ranar nakan tsaya bayan an tashi, na bar janareta a kunne har kwamfuta ta tara ta gama ta sake tashi.