Rayuwar Baba a Gidan Waya (Kashi na 4): Ɗakin Rabon Wasiƙu

Makon jiya mun tsaya a inda aka ɗauke marigayi Baba daga sayar da kan sarki aka mai da shi ɗakin rabon wasiƙu a gidan waya na Sabon Garin Zariya. A lokacin sunan hukumar gidan waya da tarho P&T, domin sai 1985 aka raba ta gida biyu, NIPOST mai kula da wasiƙu da NITEL mai kula da tarho.

Aikin yakan fara ne da isowar jakunkuna daga tashar jirgin ƙasa. Zariya mahaɗa ce, ga layin Kano, ga na Kaduna, ga wanda ya nufi Funtuwa da Gusau har Ƙauran Namoda. Kowace jaka takan zo a ɗaure da igiya, an danne ƙullin da hatimin darma. Baba ba ya sa hannu sai ya juya hatimin ya duba. Idan aka yanke igiyar, takardar lissafin da ke ciki ake fara cirowa, a ƙirga wasiƙun rajista ɗaya bayan ɗaya a daidaita da lambobinsu. In guda ta yi ɓatan dabo, a nan take ake rubuta rahoto gaban shaida, don wanda ya bari aka kwana shi zai ɗauki laifin.

Daga nan sai jefa wasiƙu cikin ramukan katako, kuma nan ne gwaninta take. Akwai Tudun Wada a Zariya, akwai a Kaduna. Akwai Sabon Gari a nan, akwai a Kano. Mai gaggawa yakan karanta unguwa ya manta da gari, sai wasiƙa ta yi makonni tana yawo. Cikin birni kuwa gidaje ba lamba, sai ka ga an rubuta sunan mutum kawai da Kwarbai ko Limancin Kona, ta hannun mai unguwa. Baba ya san zaurukan nan, ya san wanda ya tashi ya koma Gyallesu. Da damina, in ruwa ya jiƙa ambulan tawada ta narke, yakan shanya ta a kan tebur ya bi sawun alƙalami a hankali, bai yarda a mayar da ita ga mai aikowa ba sai ya gwada.

Kullum da safe da hannunsa yake sauya kwanan wata a jikin hatimin da ake buga wa wasiƙu, domin hatimin jiya a kan wasiƙar yau yana iya jawo wa mai neman gurbin karatu a jami'ar Samaru asara.

Bayan la'asar zaurensa yakan cika da maƙwabta masu son a karanta musu wasiƙa. Yakan sallami yara tukuna, ya sassauta murya, kuma ko Inna ba ta taɓa jin abin da ke ciki daga bakinsa ba. Ranar albashi kuwa, kuɗin makarantar yara yake fara warewa kafin cefane. Allah ya jiƙansa da rahama.

Mako mai zuwa za mu kawo yadda ya bi takardun fanshonsa bayan shekara 35 yana aiki.