Laraba a Tumfure: zubin ƙafafun fila

Yau mun zuba kankaren ƙafafun fila shida a filin ginin Tumfure, a nan Gombe. Ramukan mita ɗaya ne kowane gefe, zurfinsu mita 1.2, don sai nan diga ta taɓa ƙasa mai tauri. Tun jiya aka shimfiɗa bulandin, wato siririn kankaren da ake fara zubawa a ƙasan rami, kaurin santimita 5.

Da safe kafin a taɓa siminti sai da na leƙa kowane rami. Ragar rodi mai mili (milimita) 12 ce, tazara santimita 15, ɗaurin waya ya yi kyau. Amma a rami biyu ragar kwance take a kan bulandin, babu biskit a ƙarƙashinta, wato 'yan guntayen kankaren da ke ɗaga rodi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. In kankare bai lulluɓe rodi da santimita 5 ba, danshin damina zai kai gare shi, ya yi tsatsa, tsatsar ta kumbura ta fasa kankaren daga ciki, a inda ido ba ya gani. Na ce wa mai rodi, "Malam, a ɗaga ta, a sa biskit." Ya so ya cusa ɓaraguzan bulo, na hana, domin bulo shan ruwa yake yi.

Kowace fila rodi huɗu ne masu mili 16, an lanƙwasa ƙafarsu an ɗaure a jikin ragar, zobba masu mili 8 duk bayan santimita 20. Mun ja igiya mun tabbatar sun hau layi, aka tokare su da katako.

Kwaɓi kuwa buhun Ashaka ɗaya, kwanon sarki huɗu na yashi, takwas na tsakuwa. Yashin na damƙa a hannu, bai bar jan laka a tafina ba.

Bayan azahar rana ta buɗe, leburori suka fara ƙara ruwa don shebur ya yi sauƙi. Nan na tsaya a kansu. Ruwan da ya wuce kima in ya bushe ƙananan ƙofofi yake bari, ƙarfin kankaren ya ragu, kuma babu gyara daga baya. Da yake ba mu da injin girgiza, da guntun rodi aka riƙa soka shi, musamman a kusurwoyi, har kumfar iska ta daina tasowa.

Kafin magariba mun rufe ƙafafun filar da jiƙaƙƙun buhunan algarara. Ban ruwa safe da yamma, kwana bakwai. Gobe in Allah ya kai mu kafinta zai fara haɗa akwatunan fila, inci tara-tara.