Kurtun da ya tambaye ni dalili

Lokacin da na shiga aikin soja, sajen da ya horar da mu bai taɓa faɗa mana dalilin wani umarni ba, mu ma ba mu taɓa sa ran ji ba. Idan ya ce a haƙa rami, sai a haƙa, idan ya ce a cike shi, sai a cike, wanda ya yi gunaguni kuwa ya sha tsallen kwaɗo har cinyoyinsa su kasa ɗaukarsa. Da wannan tarbiyya na kai muƙamin saje, da ita kuma na fara jagorantar yaran da suka tashi da waya a hannu.

Wata rana muna atisaye a daji na hana kowa kunna waya, sai wani kurtu ya ƙame, ya sara mini, ya ce, "Ranka ya daɗe, mene ne dalili?" Na ɗauki tambayar raini ce, na ba shi gwale-gwale, amma da dare ya raba sai ga hasken waya a ƙarƙashin bargonsa.

Washegari, maimakon in ƙara hukunci, na tara su na ba su labarin abin da ya faru a 2018, lokacin da taswirar manhajar Strava, mai nuna hanyoyin da masu motsa jiki suke bi, ta fallasa sansanonin sojan Amurka a Siriya da Afganistan, don kawai sojoji suna gudun safe da na'urorinsu a kunne. Yaron nan ya riga kowa ganewa, har ya nuna mini cewa tawa wayar ma tana bayyana inda nake, abin da ya ba ni kunya ƙwarai. Tun daga ranar shi ne mai tattara wayoyin 'yan'uwansa kafin mu fita, ba tare da na sa shi ba.

Tsofaffinmu suna da hujjarsu, domin idan wuta ta buɗe babu lokacin bayani, kuma biyayyar da aka saba da ita a filin fareti ita ce take ceton rai. Shi ya sa yanzu nake yin bayanina a bariki, tun kafin a fita, in kuma an fita ba na karɓar tambaya. Sajan-manjonmu, wanda saura masa shekara biyu ya yi ritaya, har yanzu gani yake ina shagwaɓa su, kuma duk lokacin da ya same ni ina yi wa kurata bayani sai ya girgiza kai ya wuce.