Idan hoton saba yana tafiyar hawainiya

Ƴan uwa masu haɗa kwamfuta da sabar Linux daga nan Maradi, in hoton allon saba na tafiyar hawainiya, kafin ku ɗora laifi kan intanet, ku buga umarnin glxinfo (mai nuna abin da ke zana hoto) cikin TurboVNC, manhajar ganin allon saba daga nesa. In kun ga sunan llvmpipe a sakamakon, to CPU ke ɗaukar nauyin zanen, katin GPU yana zaune haka nan. Ku buɗe manhajar da kuke son amfani da ita da vglrun, umarnin VirtualGL mai miƙa aikin zane ga GPU, ku kuma tabbata sunanku na cikin rukunin vglusers, wato masu izinin amfani da GPU ta VirtualGL. Bayan an saka shi, sai an fita an sake shiga.

Abin da ya fi cin raina shi ne direban NVIDIA da aka sabunta ba a sake kunna na'ura ba: nvidia-smi, umarnin duba katin, zai ƙi aiki saboda sigar sabon direba ta saɓa da ta tsohon da ke ci gaba da aiki. In saba ba ta da X (tsarin nuna hoto na Linux), a sababbin sigogin VirtualGL ana iya amfani da vglrun -d egl.