Damina huɗu ina bin gida-gida da maganin zazzaɓi

Ina tsakar gida ina surfen gero mai unguwa ya aiko a kira ni. Ya ce ana neman matan da suka iya karatu da rubutu, su riƙa shiga gidaje suna ba yara maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da damina. Na ce, "Ranka ya daɗe, sai na shawarci maigida." Maigidan bai ja ba, domin shekara guda kafin nan da hannunsa ya ɗauki ɗan ƙanensa zuwa makwanci, yaro ɗan shekara biyu da zazzaɓi ya cinye cikin kwana uku.

A ƙaramin asibitin mazaɓarmu aka yi mana bita. Can na ji cewa tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar wannan tsari ga ƙasashen Sahel, inda zazzaɓin ke zuwa da ƙarfinsa cikin 'yan watannin ruwa, kuma a Najeriya, a jiharmu ta Katsina aka fara gwada shi a 2013. Magani iri biyu ne a fakiti ɗaya, na yara daga wata 3 zuwa wata 59. Sau ɗaya ake bayarwa a wata, daga Yuli zuwa Oktoba. Ranar farko a gabanmu yaro zai sha, sauran ƙwaya biyu a bar wa uwa, na gobe da na jibi. Malamin asibiti ya ce idan an sha daidai, yana kare yara daga kusan kashi uku cikin huɗu na kamuwa da zazzaɓin.

Mu biyu ake haɗawa. Ni ke narka ƙwaya a ɗan kofi, abokiyar aikina na cike kati, in mun fito mu yi alama da alli a bangon zaure. Shekarun yaro ma aiki ne. Uwa ba ta lissafi da watan Bature, sai dai ta ce da azumi aka haife shi, ko bayan babbar salla da mako biyu. In ɗan fari ne kuwa, kunya ba za ta bari ta ambaci sunansa ba, sai kishiya ko kaka ta faɗa.

Kuskurena na farko har yau yana min ciwo. Zagayen Yuli na yi ta sauri don in cika adadin gidaje, in miƙa fakiti in ce "gobe da jibi" in wuce. Da na koma a Agusta, wata baiwar Allah ta ɗaga kwanon jerenta ta nuna min ƙwayoyin nan biyu a ƙulle cikin leda. Ta ce, "Yaya, ai lafiyarsa lau, na ajiye sai ranar da jikinsa ya yi zafi." Wata kuma ta raba wa wan yaron mai shekara bakwai, don ba ta ga dalilin da za a ba ɗa ɗaya a hana ɗaya ba. Ba laifinsu ba ne. Ni ce ban zauna ba. Daga ranar duk gidan da na shiga sai na nemi tabarma, na bayyana cewa wannan na tsari ne ba na warkarwa ba, na sa uwa ta maimaita min da bakinta. Gidajen da nake gamawa a yini sun ragu, shugaban zagaye ya yi ƙorafi, ban canza ba.

Akwai magidancin da ya tare mu a ƙofa ya ce in dai kyauta ne ba ya so, me ya sa in yaro ya kwanta sai an saya? Ban ga baikensa ba. Mutanenmu ba su manta gwajin maganin da aka yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau a 1996 ba, da kuma ce-ce-ku-cen da ya sa aka dakatar da rigakafin shan inna a 2003. Ban yi masa gardama ba. Washegari na goyo autata, na ce, "Baba, ga tawa," na ba ta a gabansa. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ɗaga labule ya ce mu shiga. Baƙuwa daga birni da ba ta samu wannan ba, ko da farar riga ce a jikinta. Ya san mahaifina, ya san inda zai same ni in wani abu ya faru.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne yaran da muke tararwa kwance. Doka ta hana mu ba mai zazzaɓi wannan magani, sai mu tura shi asibiti a yi masa gwajin jini. Turawar ba ta da amfani sai da wanda zai karɓa. Ma'aikaci ɗaya ne a asibitinmu, shi ke awo, shi ke allura, wani lokaci shi ke shara. Ranar da ya tafi karɓo kaya a hedikwatar ƙaramar hukuma, ƙofa a rufe take. Duk wanda ke son yaran karkara su rayu, nan ya kamata ya sa kuɗinsa, domin mu masu yawo wata huɗu ne namu, shi kuwa shekara ce.

Wata Satumba na tarar da yarinya idonta ya yi fari fat, ta fara taune-taune, kakarta na turara mata hayaƙi wai iska ce. Na ce, "Inna, ki ci gaba da addu'a, amma ki ba ni ita." Maƙwabci ya ɗauke mu a babur cikin taɓo. Aka yi sa'a ma'aikacin yana nan, ya yi mata allurar farko ya rubuta mana takarda zuwa babban asibiti, inda aka ƙara mata jini. Bana da na shiga gidan ta haura shekara biyar, ta fita daga lissafina. Ita ta riƙe min kofi na ba ƙanenta.